A Rubuta Aikin Gobe Tun Daren Yau

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, hidimomi suka yi wa mutanenta yawa, amma har yau yawancinmu a ka muke riƙe ayyukan yini. Ma'aikacin sakatariya yana da fayil a tebur, gonar damina a Kiyawa, kuɗin makarantar yara, ga ɗaurin aure bayan Juma'a. Dole wani abu ya suɓuce, kuma galibi abin da ba ya kuka ne, kamar kai tsohuwa asibiti. Shi ya sa nake ganin rubuta jerin ayyuka ya zama wajibi. Ɗan kasuwar Shuwarin ba ya barin bashi a ka, a littafi yake sa shi, to me ya sa lokaci ba zai sami wannan gata ba? Sai dai jeri mai abu ashirin karya zuciya yake yi. Uku sun isa, a ɗaura kowanne a kan sallah: wannan kafin Azahar, wancan bayan La'asar. Da boko ko ajami, a takarda ko a waya, duk ɗaya ne. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, ku fara gwadawa daren nan bayan Isha'i.