Inbatar Motar Kwana: Daga Batir Ake Fara Lissafi, Ba Daga Lambar Jikin Kwali Ba

A Amurka da Turai akwai motar da ake kwana a cikinta, mai gado da ɗan kicin, wani sa'in har da banɗaki. Amurkawa RV suke ce mata. Da can 'yan fansho da masu yawon hutu aka fi sani da ita, amma tun bayan kullen korona na 2020, da aiki daga nesa ya yaɗu, masu rubuta manhaja da masu tace bidiyo da dama sun mayar da ita ofis. Abin da ke fara tare musu hanya shi ne wuta. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, wuta mai tafiya hanya ɗaya da ake kira DC, alhali kayan gida suna son AC mai kai da komo, bolt 120 a Amurka, 230 a Turai. Inbata ce ke yin wannan juyin, kuma wajen sayenta ne yawancin mutane ke tafka kuskure iri ɗaya: su ɗauki wadda ta fi babbar lamba a jikin kwali.

Inbata ba ta haifar da wuta. Abin da ke cikin batir take juyawa, ta ci nata kason a hanya, kusan kashi 10 cikin 100. Lissafin ba shi da wuya: a raba wat da bolt, a sami amfiya. Kayan da ke jan wat 1,000 za su zuƙi amfiya 83 daga batir mai bolt 12, da an haɗa da asarar juyi ya haura 90. Mai wat 3,000 kuwa, in ta ɗauki cikakken kaya, sama da amfiya 270 take nema. Yawancin batiran litiyam masu 100Ah suna da na'urar kariya a ciki da ke yanke wuta da zarar an wuce amfiya 100. Wato wanda ya ɗaura inbata mai wat 3,000 a kan batir ɗaya ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa gani ba.

Da a ce asarar kuɗin ce kawai, da da sauƙi. Babbar inbata tana cin wuta ko ba a jona mata komai ba. Da yawa daga cikin masu wat 2,000 zuwa 3,000 suna shan kusan wat 20 a zaune. A bar ta kunne awa 24, ta lashe wat-awa 480. Batirin dalma mai ruwa na 100Ah yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, amma rabi kawai ake iya amfani da shi in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Ke nan inbatar ita kaɗai ta kusa cinye rabon yini, kafin a buɗe laftof. Mutum ya tashi da safe yana da taro da abokin ciniki ta bidiyo, ya tarar batir ya kwanta, ya hau zagin kamfanin batir, alhali ɓarawon yana ƙarƙashin gadonsa.

Mai aikin kwamfuta ya zauna ya tara kayansa ya gani. Laftof wat 45 zuwa 65. Ƙarin allo kusan 30. Na'urar raba intanet 10. Farantin Starlink na yau da kullum 75 zuwa 100. Duka kusan wat 200 ne. Inbata mai wat 300 zuwa 500 ta ishe shi har da rara, kuma cinta a zaune bai wuce 'yan wat kaɗan ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kuɗin da aka rage wajen girma, a zuba shi wajen ingancin wutar. A nan ne bai kamata a yi rowa ba. Inbata iri biyu ce a kasuwa. Wadda aka rubuta wa pure sine wave tana fitar da wuta mai santsi, mai hawa da sauka a hankali kamar ta layin gwamnati. Wadda aka rubuta wa modified sine wave tana tsalle ne mataki-mataki, kamar matakalar bene. Masu kare ta biyun suna cewa ai cajar laftof tana aiki da ita, kuma gaskiya suka faɗa, yawanci tana aiki, domin caja tana fara mayar da wutar DC ne kafin komai. Sai dai duk abin da ke da injin juyawa, kamar fanka da firji, yana gurnani da zafi a kanta. Lasifika na tsuwa. Firinta mai leza da wasu cajojin batirin kayan aiki suna ƙin ta, wasu ma su ƙone. Wanda ke kwana da na'urar taimakon numfashi ta CPAP bai kamata ya yi caca da ita ba. Kuma babu hikima a jona kwamfutar da ita ce abincin mutum a kan wuta mai shakku don a rage 'yan daloli.

Akwai ma tambayar da masu kanti ba sa son a yi: shin laftof ɗin na buƙatar inbata tun farko? Batir DC ne, laftof DC yake ci. A juya 12 zuwa 230, caja ta sake maido da shi kusan 20, asara biyu ke nan. Cajar mota mai USB-C ta tsarin PD tana ba da har wat 100 kai tsaye daga batir, kuma tun 2021 tsarin ya kai wat 240. Starlink Mini, wanda ya fito a 2024, da DC yake aiki. Ana samun firjin mota mai bolt 12. Da wannan tsari, inbata ta koma abin kunnawa lokacin buƙata, a kashe ta in an gama.

Wani zai ce to butar shayi fa, da na'urar ɗumama abinci? Waɗannan su ne ainihin masu cin wat dubu da ɗoriya. Amsar mai sauƙi ita ce gas. Wanda ya dage sai lantarki, ya san gyaran gida gaba ɗaya ya ɗauko: ƙarin batira, komawa bolt 24 don amfiya ta ragu da rabi, da wayoyi masu kaurin yatsa.

Wayoyin nan su ne inda gobara take. Ramin kunna sigari na mota fis ɗinsa amfiya 10 zuwa 15 ne, bai wuce wat 120 zuwa 180 ba, duk abin da aka rubuta a kwalin inbatar. Abin da ya fi haka sai a jona kai tsaye da batir, da gajeriyar waya mai kauri, da fis dab da kan batirin. Kuma batirin zama daban, na tayar da inji daban, in ba haka ba mutum ya gama aiki mota ta ƙi tashi a tsakiyar daji.

A karanta ƙananan rubutun takardar ma. Lambar da ke da girma a kwali sau da yawa ƙarfin 'yan daƙiƙu ce, ko kuma VA ce ba wat ba. Victron na ƙasar Holan, wanda ba ya ɓoye alƙalumansa, ya nuna inbatarsa mai 500VA wat 400 take bayarwa a zafin digiri 25, ta sauka 350 a digiri 40. Motar da aka ajiye a rana a Arizona tana wuce digiri 40 cikin sauƙi, don haka kada a cusa inbata a kwabar da iska ba ta shiga.

Lissafin nan duka ya hau kan direban tirela da ke kwana a hanyar Legas zuwa Kano, da mai motar bas da ya mayar da ita shagon caji, da ƙarin abu guda. Inbatar gwanjo da aka shigo da ita daga Amurka bolt 120 take fitarwa, kayan Najeriya da Nijar kuwa na 220 zuwa 230 ne. Cajar laftof da aka rubuta wa 100–240V za ta yi aiki da ita lafiya. Fanka da firji ba za su yi ba.