Idan Bututun Kasuwa Ba Ya Cikin Kwamfuta

A wannan makon za mu leƙa wani lungu na sana'ar gini wanda ba kasafai ake maganarsa ba, alhali kuwa kowa ya san sakamakonsa: sabon bene da bangonsa ke jiƙewa tun bai shekara ba, ko banɗakin hawa na uku da ruwa ke ɗiga a famfonsa kamar hawaye. Mun saba ɗora laifin a kan mai aikin famfo, kuma sau da yawa nasa ne. Amma akwai lokacin da ɓarnar take somawa tun daga teburin injiniya, a cikin kwamfutar da aka zana ginin.

A da, zanen gini layuka ne a kan takarda, daga baya suka koma layuka a kan allon kwamfuta. Yau manyan ofisoshin zane sun koma wata hanya da ake kira BIM, inda ake tayar da ginin sukutum a cikin manhaja kafin a haƙa harsashinsa. Kowane bango da ƙofa da bututu yana ɗauke da bayanin kansa: girmansa, abin da aka yi shi da shi, da abin da yake haɗe da shi. Fitacciya a cikin waɗannan manhajoji ita ce Revit, wadda ta fito a shekarar 2000, kamfanin Autodesk na Amurka ya saye ta a 2002. Amfanin tsarin a fili yake. Idan bututu zai ci karo da ginshiƙi, a allo za a gani, tun ba a zuba kankare ba. Idan ana son sanin mita nawa na bututu za a saya, manhajar ce za ta ƙirga. Saboda haka ne gwamnatin Birtaniya ta wajabta tsarin a kan ayyukanta tun daga 2016, kuma ɗalibanmu na fannin zane da injiniyanci suka duƙufa koyonsa.

Sai dai manhaja tamkar magini ce mai aiki da abin da ke cikin rumbunsa kawai. Kafin ta ja bututu, dole a gaya mata irinsa da jerin girmansa, da kaurinsa ta waje da faɗinsa ta ciki. Dole kuma a nuna mata mahaɗin da za ta sa a kowace kwana da kowane reshe: ga elbo, ga ti, ga soket, ga abin rage girma, ga bawul. Idan babu elbon da ya dace a rumbun, bututu biyu za su zo kwana su ƙi haɗuwa, sai manhajar ta fito da gargaɗi. Ƙari a kan haka, sababbin fitowar Revit ba sa zuwa da cikakken rumbun. Sai an sauko da mafi yawansa daga intanet. Ɗalibin da ke lallaɓa 'yar datarsa ya san abin da wannan ke nufi.

To a ce an sauko da komai. A nan ne babbar matsalar take bayyana, domin kayan da ke ciki na kasuwar wasu ne: tagulla, baƙin ƙarfe, da robar PVC a bisa awon Amurka ko na Turai. Wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja zai tarar ruwan gidajenmu na yau yawanci a cikin bututun PPR yake gudu, koren nan da ake haɗa shi da wuta, mai girman milimita 20 da 25 da 32. Shi kuwa galibi sai injiniya ya ƙirƙiro shi a manhajar da hannunsa, ko ya je nema a wajen wani kamfani.

Da yake an ce rashin uwa ake uwar ɗaki, mafi sauƙin abin yi shi ne aro. Sai a ɗauki bututun ƙarfe, a sauya masa suna, a shafa masa koren launi a allo, a ci gaba da aiki. Zane ya fito tsaf, mai gida ya gani ya yaba. Amma bari mu duba awo. A kasuwa ana ɗaukar PPR mai milimita 25 a matsayin madadin bututu mai kashi 3 cikin 4 na inci. Mai kaurin bango daga cikinsa, wanda ake kira PN20, faɗin raminsa milimita 16.6 ne. Na ƙarfen da aka aro kuwa raminsa ya kusa milimita 21. Ke nan hanyar da ruwa zai bi a zahiri ba ta kai kashi 2 cikin 3 na wadda manhajar ta yi lissafi da ita ba. A allo ruwa ya isa hawa na uku da ƙarfinsa. A gida kuwa sai an tara bokiti.

Haka abin yake a bututun ƙazanta. Wanda 'yan kasuwa ke kira inci 4, idan na awon milimita ne kaurinsa 110, idan na awon Amurka ne 114.3. Ba sa shiga mahaɗin juna. Sannan elbon ƙazanta ya bambanta da na ruwan sha, don akan yi shi da kwana mai digiri 87.5 domin bututu ya samu gangara, kuma yana cin wuri fiye da yadda elbon aro zai nuna. Tazarar da aka bari tsakanin kankare da silin sai ta gaza, a zo ana fasa abin da aka riga aka gina. Lissafin kayan da za a saya shi ma ya gurɓace tun daga tushe. Ƙarshenta mai aikin famfo ya naɗe zanen ya ajiye, ya koma ga idonsa da sabonsa, mai gida kuwa ya biya kuɗin zane, ya biya na gyara. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Akwai kuma wata asarar da ba a gani a filin gini. Manyan kamfanonin bututu na waje, irin su Geberit na Suwizalan da Wavin na Holan da Victaulic na Amurka, suna ba da siffofin kayansu kyauta domin a sa a manhaja. Ba sadaka suke yi ba. Sun gane cewa kayan da ya shiga zane shi ke shiga takardar kwangila, wanda ya shiga takardar kwangila kuma shi ake saya. Masana'antarmu ta gida da ke yin bututu mai kyau, amma abin da take da shi kawai takardar farashi ce, an kayar da ita tun kafin a buɗe tayin kwangila. Kowane elbo da aka zaɓa don shi ne ke kusa a allo, dala ce za ta fita daga ƙasar.

Adalci ne a faɗa cewa babu kamfanin manhajar da zai iya zana kayan kowace kasuwa ta duniya, kuma a matakin farko na zane siffar gama-gari ta wadatar. Cike giɓin aikin masu kasuwar ne, wato namu. Aikin yana da cin rai, amma bai fi ƙarfinmu ba: awo ne da haƙuri.

Ya kamata Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya da hukumar COREN da ƙungiyar masu ƙididdigar kayan gini su haɗa kai da Hukumar Kula da Ingancin Kaya, wato SON, su kafa rumbu ɗaya na ƙasa, wanda kowa zai iya ɗauka kyauta. A ajiye shi har da tsarin IFC, buɗaɗɗen tsarin da manhajoji daban-daban ke karantawa, don kada mu zama bayin kamfani ɗaya. Wannan zai zo da wata riba: duk masana'antar da ta rubuta kaurin bututunta a rumbun ƙasa ta ɗaure kanta, domin kowa zai iya zuwa da ma'auni ya gwada. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da kwalejojin kimiyya da fasaha za su iya mayar da wannan aikin kammala karatu: ɗalibi ya shiga kasuwa da ma'auni, ya auna jerin mahaɗai guda, ya gina su, malami ya tantance. Wanda ya ƙware a nan ya samu sana'ar da ofisoshin zane ke biyan kuɗi a kanta.

Kafin a kai can, akwai haƙƙin da ke wuyan kowane injiniya. Idan ya yi aro, ya rubuta a jikin zanen cewa aro ne, kuma ya sa ainihin awon bututun da za a saya kafin ya amince da lissafin manhaja. Mai gida shi ma yana da damar tambaya: wannan bututun da nake gani a allo, akwai shi a kasuwa? Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane. Abin da aka yi wa rufa-rufa a allo, bango ne zai tona shi.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.