'Yar Robar da Ke Tsayar da Na'urar Miliyoyi

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'inmu ya ga na'urorin da aka lulluɓe da leda a lungu, wai sun lalace. Sau da yawa kuwa kwamfutarsu lafiyarta ƙalau, ɓangaren da ke motsi ne ya gaji. Ɗauki na'urar HPLC, wadda ake auna sinadaran magani da ita don gano na jabu. A cikin famfonta akwai ɗan fistin na dutsen saffaya da ke kai-komo, yana tura ruwa da matsin da kan kai bar 400, kuma wata 'yar roba ce ke riƙe wannan matsin. In aka yi aiki da ruwa mai gishiri aka tashi ba a wanke hanyar ruwan ba, gishirin zai bushe, ya karce fistin, ya cinye robar. Daga nan sai yoyo, sai sakamakon awo ya riƙa rawa. Ga kuma ƙurar hunturu da ke maƙalewa a bel da giyar hannun na'urar da ke ɗaukar samfur. Mu kuwa mun iya ware kuɗin saye da bikin ƙaddamarwa, amma na kayan gyara ko sisi. A ganina, kada a sake sa hannu kan kwangilar sayen na'ura sai an haɗa da kayan sauyi na wasu shekaru da horar da ma'aikacin ɗakin, domin shi zai kwance famfon, ba farfesa ba.