Fyaɗe a ƙasar Kurfai: doka na Yamai, sulhu na zaure

Duk ɗan kasuwar da ke awon hatsi a Filinge ko Baleyara ya san hukuncin mai tiya biyu, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa: ranar da asirinsa ya tonu, kasuwa ta ƙare masa. Abin mamaki, a sha'anin laifukan lalata ƙasar Nijar ta daɗe tana awo da tiya biyu, ba wanda ya ɗaga murya. Akwai tiyar da aka rubuta cikin kundin hukunta laifuka, akwai kuma wadda ake fitowa da ita a zaure bayan sallar isha'i, idan an rufe ƙofa an kori yara.

A fara da ta takarda, tunda ma'aikata da yawa suna jin sunanta ba su taɓa buɗe ta ba. Kundin hukunta laifuka na Nijar ya fito ne a dokar 15 ga Yuli 1961, aka yi masa babban gyara da dokar 13 ga Yuni 2003. Tsarinsa gadon Faransa ne, ya raba laifi gida uku: ƙarami, matsakaici, da babba. Iyakar da ke tsakanin matsakaici da babba ita ce shekara 10 a gidan kaso. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin a kansa ake yin duk wasan da za a ambata nan gaba.

Kundin 1961 ya ɗauki fyaɗe a matsayin namiji ya sadu da mace ba da yardarta ba. Gyaran 2003 ya faɗaɗa ma'anar a aya ta 283, bisa tafarkin dokar Faransa ta 1980: kowace irin shiga jikin wani, mace ko namiji, da ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko shammata. Aya ta 284 ta yanka shekara 10 zuwa 20, idan kuwa yaron bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Aya ta 285 ta ƙara nauyi a kan uba, da mai iko da yaron, da malaminsa, da ma'aikacin gwamnati, da malamin addini, da waɗanda suka yi taron dangi. Ƙasa da wannan akwai laifin taɓa mutunci, wato aikin batsa a jikin mutum ba tare da shiga ba, wanda a yawancin siffofinsa aka yanka masa shekara 2 zuwa ƙasa da 10. Can a gindin tsani kuma gyaran 2003 ya shigo da matsa wa mutum lamba don neman lalata: wata 3 zuwa 6 da tarar jaka 10 zuwa jaka 100 na sefa, in mai laifin shugaba ne a wurin aiki, wata 3 zuwa shekara ɗaya. Ma'aikaciyar da ta taɓa neman sa hannun maigida a takardar canjin wurin aiki ita ce za ta faɗi ko wannan farashi ya tsoratar da kowa.

A takarda, babu mai cewa hukuncin fyaɗe ya yi sauƙi. Senegal sai a Janairun 2020 ta ɗaga fyaɗe zuwa babban laifi, abin da Nijar ta riga ta yi tun da daɗewa. Amma kundin yana da rami, kuma ramin daidai tsawon ƴar makarantar sakandare ne. Kariyar da aka ba yaro kai tsaye, ba sai an nuna an yi masa ƙarfi ba, ta tsaya a shekara 13. Kundin zamantakewa da aka gada daga Turawa ya halatta aurar da yarinya a 15. Aya ta 282 kuwa, mai magana kan aikin da ya saɓa ɗabi'a tsakanin jinsi ɗaya, ta kai kariyarta har 21. Wane irin lissafi ne wannan? Yarinya ƴar 14 da ke tallar goro a tasha, wadda dattijo ɗan shekara 50 ya ruɗe ta da kuɗin kashewa, sai an tabbatar an tilasta mata kafin a ambaci fyaɗe. Faransar da aka kwafo dokar daga gare ta ta toshe wannan rami a Afrilun 2021, ta tsayar da shekara 15. A farkon 2023, da gwamnatin Mohamed Bazoum ta ɗauko zancen sake kundin, hayaniyar gari duk ta tafi kan luwaɗi, ƴar tallar goro ba ta samu ko layi ɗaya a bakin manya ba.

Game da abin da ke faruwa a ɗakin aure, gyaran 2003 bai ambaci miji da suna ba, aure kuwa al'ada ce ke hukunci a kansa a yawancin gidaje. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin 18, kashi 28 kafin 15. Daftarin dokar iyali ya mutu a 1994, majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo a 2006. Abin da doka ta kira babban laifi ranar Alhamis, ana iya shafa masa fatiha ranar Juma'a ya koma biki.

To, ga tiya ta biyu. A ɗauki uba manomi a wani ƙauye na Kurfai, wajen Shikal ko kan hanyar Abala, wanda aka lalata masa ƴa. Kafin ya ɗaura wa jaki akumari, dangin mai laifi sun riga sun aiko dattawa. Za a ce masa a rufa asiri, a bar kaza cikin gashinta, wa zai auri yarinyar da sunanta ya shiga littafin jandarma? Za a kawo kuɗin magani, wani lokaci a kawo tayin aure daga wanda ya yi ɓarnar. Dokar sarautun gargajiya, ta 1993 da ta 2015, ta ba sarakuna da masu gari ikon sasanta rigimar gona, da bashi, da aure. Ba ta ba kowa ikon yafe babban laifi ba. Mai garin da ya zauna ya yi cinikin fyaɗe ya fita daga huruminsa, ko da rawaninsa ya kai rufin soro. Kuma a lura: a ƙasar da ke alfahari da shanun Azawak na Tukunus, ba a taɓa jin an sace wa mutum saniya ya ce a rufa asiri ba. Da gudu ake zuwa wurin jandarma.

In uban ya yi taurin kai ya ƙi sulhu, sai ya haɗu da hanya. Takardar shaidar likita tana son a same ta cikin kwanakin farko, kafin alamu su gushe. Filinge na da kotu, amma ƙarama ce; babban laifi na babbar kotun jiha ne, kuma mai zuwa Tillaberi daga Filinge sai ya bi ta Baleyara ya faɗa Yamai, kilomita wajen 180, sannan ya ƙara fiye da 100. Ga dokar ta-ɓaci da ta shiga yankin Abala tun 2017, ga ɗaruruwan makarantun jihar da rashin tsaro ya rufe, ya zubo ƴan mata a titi da sansanin gudun hijira. A nan ne adadin nan na shekara 10 yake aiki. Sanannen abu ne a duk ƙasashen da suka gaji shari'ar Faransa cewa ana sauke fyaɗe daga babban laifi zuwa taɓa mutunci domin a yanke shi da sauri a kusa. Masu kare wannan dabara suna cewa gara guntun hukunci yau da cikakke bayan shekara huɗu. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Sai dai ma'anarta ita ce an ce wa yarinya abin da aka yi mata bai faru ba, kuma an rage wa'adin kai ƙara daga shekara 10 zuwa 3. Idan kotu ta yi nisa, kotun ya kamata a matso da ita.

Wasu ƴan kasuwa masu zuwa Najeriya suna dawowa da labarin Kaduna, inda a 2020 aka sa hannu kan dokar dandaƙe mai yi wa ƙananan yara fyaɗe, suna cewa ga magani. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, shekara 30 da dandaƙa duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da ya faru a Tera ya fi wannan koyarwa. A 2021 sojojin Cadi na rundunar G5 Sahel suka yi wa mata fyaɗe a garin, cikinsu har da yarinya ƴar shekara 11. Mutanen gari suka ƙi yin shiru, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta je ta bincika ta tabbatar, gwamnatin Cadi ta amsa cewa an kama masu laifin. Haka Hadijatou Mani, wadda aka sayar a matsayin wahaya tana ƴar shekara 12, ta kai Nijar gaban kotun CEDEAO ta yi nasara ranar 27 ga Oktoba 2008. A duka biyun, magana ta fita daga zaure ne kafin doka ta motsa.

Abin da ake nema ga masu riƙe da alƙalamin doka bai da tsada: shekarar kariya guda ɗaya ga kowane yaro, da ba ta ƙasa da shekarar aure, takardar likita kyauta ga wadda aka yi wa fyaɗe, zaman alƙalan manyan laifuka a Filinge kanta lokaci zuwa lokaci, da hukunci bayyananne ga duk mai rawani ko mai kaki da ya sasanta babban laifi. Hukumar ba da agajin shari'a ta ANAJJ an kafa ta tun 2011 domin talakan da ba ya iya biyan lauya. Ranar kasuwa mai zuwa, a tsayar da mutum goma a Filinge a tambaye su ko sun taɓa jin sunanta.