Dashen Hanta da Lissafin da Muke Mantawa da Shi

Idan hantar mutumin Kimba ko Aliero ko Maiyama ta lalace har magani ya kasa, abin da ya rage shi ne dashe, shi kuwa galibi sai an haura Indiya ko Masar. Dangi su sayar da gona da shanu, a kafa asusun gudummawa, a yi aiki, a dawo ana barka da arziki. A ganina a nan lissafinmu yake karkacewa, domin kuɗin tiyata muke tarawa, mu manta da shekarun da ke bayanta.

Jikin ɗan Adam ba ya karɓar baƙuwar hanta da lalama. Dole majiyyaci ya riƙa shan magunguna irin su takrolimus har ƙarshen rayuwarsa, don su danne garkuwar jikinsa kada ta far wa dashen. To, garkuwar nan ita ce ke kashe ƙwayoyin jiki da suka fara kangarewa, ita ce kuma ke tsare bairos masu haddasa sankara. Da ta yi rauni, sai a sami sabuwar sankara wadda ba ta da alaƙa da ciwon farko. Wani nazari da aka fitar a Amurka a 2011, kan dashen gaɓoɓi fiye da 175,000, ya nuna haɗarin ya ninka na sauran jama'a kusan sau biyu.

A Turai sankarar fata ce kan gaba. Mu a nan akwai biyu da suka cancanci fargaba: sankarar kaluluwa mai alaƙa da bairos ɗin Epstein-Barr, da sankarar Kaposi, wadda bairos ɗinta ya yawaita a Afirka. Kaposi takan fara da tabo mai duhu a ƙafa ko a ganɗa, a baƙar fata kuwa da wuya a lura da shi. Mai shan taba ko barasa yana ƙara wa kansa haɗarin sankarar baki da maƙogwaro da huhu.

Wani zai ce wannan bayani yana iya tsorata mai neman dashe. Ai dashen ceton rai ne, kuma sanin haɗarin shi ke sa a tare shi. Idan aka gano Kaposi da wuri, sau da yawa rage magani ko sauya shi zuwa sirolimus kan sa ta ja baya. Sai dai wannan hukuncin likita ne. Wanda ya yanke magani da kansa, ko ya haɗa shi da sauyoyi da sassaƙe, yana iya rasa hantar ɗungurungum.

Don haka, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yanki tikitin jirgi, a ware kuɗin gwajin jini da na magani, a kuma san likitan da zai karɓi majiyyaci a Birnin Kebbi ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Ya kamata hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kebbi ta ɗauki nauyin wannan bibiya, a kuma horar da ma'aikatan asibitin Jega da na Aliero su duba fata da baki da kaluluwar duk wanda aka yi wa dashe.

Mafi arha duka ita ce allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda Nijeriya ta sa cikin rigakafin yara tun 2004. A yi wa jariri ita cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haife shi.