IN KIN JE BIKI, LEƘA WURIN MASU MAZARƘWAILA

 

Wata ƙanwarmu 'yar aji biyar ta rubuto mini wasiƙa da ta tsaya mini a rai. Mahaifinta mazarƙwaila yake yi, da ita yake ci da su, da ita yake biya mata kuɗin makaranta. To ga wani saurayi ɗan birni ya fito, har ya fara tambayar sana'ar Baba, ita kuma kunya ta hana ta faɗa, sai ta ce masa ɗan kasuwa ne. Yanzu magabatansa za su zo gaisuwa, hankalinta ya tashi.

Ƙanwata, kafin in ce miki komai bari in ba ki labarin abin da idona ya gani. Ni ɗabi'ata ce, duk garin da biki ya kai ni, in an gama wuni sai in roƙi a zaga da ni wurin masu sana'a. Haka na yi da muka je Kafur cikin hunturu, muka bi ta Gwarzo da Dayi zuwa Malumfashi, sannan muka gangara. Ƙasa ce ta noma sosai, masara da dawa da waken suya, ga rake a fadamu. Washegarin kai amarya Kawu ya ɗauke ni da 'yarsa zuwa wata gona a bayan gari.

Tun daga nesa ƙamshi ya tare mu, irin na alewa in ta kusa ƙonewa. A tsakiyar fili an kafa injin matsa, wasu ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa suna haɗe baki, an ɗaura musu dogon itace, doki yana ja yana zagayawa, wani yaro na biye da shi da 'yar tsumagiya. Mutum ɗaya na durƙushe yana cusa rake, ruwan na tsiyaya cikin garwa, tukar na fita ta ɗaya gefen. Kawu ya ce wasu sun koma inji mai shan mai, amma mai doki bai damu da tsadar fetur ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a sayen itace. Tukar nan ake shanyawa, in ta bushe ita ce makamashi, rake ke dafa kansa ke nan. An haƙa murhu a ƙasa, an ɗora manyan kasake masu faɗi, ruwan yana tafarfasa ana kwashe kumfa da datti da dogon ludayi. A nan gwanintar take. Mai dahuwar, wani dattijo, ba agogo gare shi ba, ido da hanci kawai. In ya sauke da wuri ba za ta daskare ba, in ya makara ta yi baƙi ta yi ɗaci, wahalar mutum biyar ko shida ta tafi a banza. Na ga ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, ya murza da yatsa, ya ce, "A sauke!" Nan da nan aka juya ta, aka zuzzuba a ƙananan kwanoni da aka jera a ƙasa. Kafin mu gama gaisawa ta kama jikinta. Aka ba ni guda da ɗuminta. Wallahi 'yan'uwa, wadda muke saya a kasuwa ƙanwarta ce.

Ku masu son fim ɗin Indiya, su ma fa suna yin ta, kusan yadda muke yi, suna kiran ta gur, kuma ba su raina ta ba. Farin sukari kuwa ruwan raken nan ne aka tace aka raba shi da baƙin da ke cikinsa.

A hanyar dawowa gida amarya muka ratsa wani gida inda mata ke man gyaɗa. Wannan kun san shi, suya, niƙa, murza, a toya ƙuliƙuli, ba sai na ja ba. Abin da na lura kawai, uwar gidan da kuɗin man ta yi wa 'ya'yanta biyu kayan ɗaki.

Kwana biyu bayan nan muka wuce Funtuwa, na samu aka shigar da ni wata 'yar masana'antar gurzar auduga. Ƙara kamar kunne zai fashe, ƙura fari fat a gashin ido, ma'aikata sun ɗaure hanci da ƙyalle. Inji na fizge audugar yana zubar da angurya gefe, a danne farar a ɗaure ta dami-dami. Ashe fiye da rabin nauyin abin da manomi ya kawo angurya ce, ita ma ba a yar da ita, ana matse mai, tunkuzar a ba shanu. Aikin da kakanninmu mata ke yi da dutse da ɗan ƙarfe kafin su kai ga mazari, shi inji ke cinyewa cikin ƙiftawar ido.

Tarihin wannan harka ya daɗe. A 1902 Turawan Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA don samar wa masaƙunsu auduga, har yau akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan nan, mutane na cewa Bisije. Daga baya muka samu masaƙu namu, kamar ta Kaduna, KTL, da ta fara aiki a 1957. Ta tsaya a 2002, wasu da dama ma suka rufe, atamfar waje ta cika kasuwa, manoma da yawa suka bar auduga suka koma masara. Na fito daga wurin nan ina duban zanen da ke jikina, raina ba daɗi.

Mu marubuta ma a duba littattafanmu. Kullum jarumi Alhaji ne mai Marsandi, ko ɗan ministan da ya dawo daga Landan, ba a taɓa faɗin me yake yi da hannunsa. Yarinya ta karanta goma irin wannan, yaya ba za ta ji nauyin dokin babanta ba?

Saboda haka ƙanwata, ki faɗa masa gaskiya da bakinki tun kafin manya su zo, kada ya ji a bakin 'yan gari. Ki ce a kai shi gonar ya gani, a ba shi mai ɗumi. In ya yatsine fuska, kin ga halinsa tun ba a karɓi sadaki ba.

Wadda kuma ke son irin wannan zagaye, ta nemi izinin gida, ta tafi da babba, a fita da rana a dawo da rana, don hanyoyin yankin sai da lura. Ki gaida masu aiki kafin ki fara tambaya, ki tattare mayafinki kusa da inji, in an ba ki ɗanɗano ki sayi ko guda biyu.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, zan kai ku karofin Ƙofar Mata a Kano mu ga rini. Ku huta lafiya.