Samoa Tana Nesa, Ɗakin Yara Yana Kusa

Saƙon nan na yarjejeniyar Samoa ya sake dawowa wayoyinmu a makon nan. Shi ne dai wanda kuka sani: an sayar da Najeriya a kan dala biliyan 150, an halasta auren jinsi, don Allah don Annabi ka tura wa mutum goma. Ya shigo zauren WhatsApp na danginmu, ya shigo na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, kuma masu turo shi dattawa ne masu furfura da jikoki. Na karanta salati da tsinuwar da suka biyo baya, raina ya ɓaci, amma abin da ya ɓata mini rai daban ne da nasu.

Bari mu fara kawar da wannan a gurguje. An ƙulla yarjejeniyar a birnin Apia na ƙasar Samoa ranar 15 ga Nuwamba 2023, tsakanin Tarayyar Turai da ƙungiyar ƙasashe 79 na Afirka da Karebiya da Pasifik, ta gaji ta Kwatano ta shekarar 2000. Najeriya ta sa hannu ranar 28 ga Yuni 2024. Ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust ta fito da labarin da ya tayar da ƙura, gwamnati ta kai kuka gaban hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai, hukumar ta ce labarin bai inganta ba, jaridar ta nemi afuwa. Afuwar ta tsaya a shafin jarida, saƙon kuwa har yau yana yawo. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, tana nan ba wanda ya taɓa ta, haka ma dokokin shari'a da jihohin Arewa 12 suka kafa tun daga shekarar 2000. Na san akwai kalmomi a cikin yarjejeniyar kan lafiyar haihuwa da daidaito tsakanin maza da mata waɗanda wasu malamai da shugabannin coci suka ce a yi hattara da su, to a yi hattarar, ba laifi.

Abin da ya dame ni shi ne wannan. Cikin masu kumfar baki a kan tsibirin da ba su san inda yake a taswira ba, mutum nawa ne ya taɓa zaunar da ɗansa mai shekara 13 ya faɗa masa abin da mafarki yake nufi, da yadda ake wankan janaba? Uwa nawa ce ta yi wa 'yarta bayanin haila kafin jinin ya zo, ba bayan yarinya ta gan shi ta firgita ta ɓoye zanenta a ƙarƙashin katifa ba? An bar jaki ana dukan taiki.

A watan Nuwamba 2022, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu, ya ce aikin iyaye ne da malaman addini. Muka yi tafi, har da ni a wani ɓangare, don akwai abubuwan da ban so a ce malamin da ban san halinsa ba ne zai buɗe wa ɗana su a aji mai yara tamanin. To an miƙo mana aikin. Wa ya karɓa? Uba ya ce kunya, uwa ta ce kunya, malamin Islamiyya ya zo babin tsarki ya yi tari ya tsallake. Wayar da muka saya wa yaron ita ce ta karɓa, ita kuwa ba ta san kunya ba.

Masu bin wannan shafi sun san ba na gajiya da zancen makarantar zaure, ku yi haƙuri yau ma sai na koma. Muna yara, bayan la'asar, muna zama gaban wani tsohon malami a unguwarmu, Allah Ya jiƙansa. Ahalari aka fara ɗora mana, sannan Ishmawi, sannan Iziyya, masu himma su kai Risala. Ba a yi nisa a cikin kowanne ba sai ga babin tsarki. Malam yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu, zai ja baƙin Larabci ya fassara da Hausa tsantsa: wannan shi ne maziyyi, ga lokacin da yake fita, ga abin da yake wajabtawa; wannan wadiyyi; wannan maniyyi, ga kamanninsa, shi wanka yake wajabtawa. Ga jinin haila, ga mafi yawan kwanakinsa, ga jinin biƙi, ga alamar da mace take gane ta yi tsarki. Muryarsa ba ta sauyawa, kamar yadda yake karanta babin zakka haka yake karanta wannan. Idan wani cikinmu ya sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya, Malam ya dube shi ya ce, "Kai, ɗago. Wanda bai san wannan ba sallarsa fa?" Shi ke nan dariya ta mutu. Da balaga ta zo mana, ba ta zo a matsayin baƙuwa ba, kuma ba mu je wurin gardawan tasha neman bayani ba.

Ku lura da wani abu. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, kuma a gabatarwar littafin ya bayyana cewa don koyar da yara aka nemi ya rubuta shi. Yara. Fiye da shekara dubu ke nan malamin Malikiyya ya ga ya dace yaro ya san sunan abin da ke fita daga jikinsa da hukuncinsa, mu kuma yau muna ganin tarbiyya ita ce a bar shi cikin duhu har ranar ɗaurin aure. Ummu Sulaim ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi tambaya a kan mafarkin mace, aka ba ta amsa, ba a kore ta ba. Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Wanda ya fi burge ni shi ne Sayyidina Ali: yana da tambaya a kan maziyyi, ga nauyin surukuta, 'yar Annabi ce a ɗakinsa. Kunya irin ta Bahaushe sak. Me ya yi? Ya aiki Miƙdad ya tambayo masa. Ya kiyaye kunyarsa, kuma amsa ta iso. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya caccaki malaman da ke tara ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin tsarkinsu ba, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su koyar da mata. Daga ina muka samo wannan shirun da muke jinginawa addini?

Al'adarmu ma ta san uba ba zai iya wannan magana da ɗan fari ba, shi ya sa ta tanadi wasu bakunan. Akwai kaka, wadda wasan jika ya ba ta lasisin faɗar abin da uwa ba za ta faɗa ba. Akwai gwaggo, akwai kawu, akwai uwar ɗaki. A babban gida yaro ba ya rasa wanda zai raɗa wa damuwarsa. Yanzu mun watse cikin gidajen haya, ɗaki biyu da falo, kaka tana ƙauye sai da salla, gwaggo sai a waya. Kunyar ta biyo mu birni, masu ɗauke mata nauyi ba su biyo ba.

Kuma wace kunya ma? Ku shiga kasuwa ranar da take ci, ku saurari mai maganin gargajiya da ya ɗaura lasifika a kan motarsa. Babu gaɓar da ba ya ambata, babu kwatancen da ba ya yi, yara masu talla suna tsaye suna haddacewa, dattawa suna wucewa suna murmushi, wasu su zagayo ta baya su saya. Ku buɗe TikTok ku ga masu kayan mata da irin bayanin da suke zubawa da tsakar rana. Wannan duk mun haɗiye. Amma ma'aikaciyar lafiya ta shiga makarantar 'yan mata ta yi bayanin jinin al'ada da ƙunzugu, sai a ce an zo lalata tarbiyya. Batsa ta samu izini, ilimi ne aka hana.

Yanzu ga inda zan saɓa da wasunku. Matsayin addininmu a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, ba ni zan koya wa kowa shi ba, kuma ban zo sauya shi ba. Amma saboda ba ma iya zama mu yi zancen cikin natsuwa, mun tattara abubuwa mabambanta mun zuba a kwando ɗaya, muna dukan duk wanda ya faɗa ciki. Yaron da muryarsa ke da laushi, ko ya fi sakewa a madafa kusa da uwarsa, an riga an laƙaba masa suna tun yana firamare. Malamai irin su Imam Nawawi sun bambanta wanda aka halitta da irin wannan ɗabi'a, wanda ba shi da laifi a kanta, da mai ƙirƙirarta da gangan. Mu ba mu da lokacin bambancewa. Mata-maza kuma halitta ce daga Allah, likitoci sun san ta, fiƙihu ya san ta: Muhtasar na Shehu Halil da hukuncin mata-maza ya rufe, kuma idan lamarin ya rikice an ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace. Malamai sun ba shi gado, mu mun ba shi tsokana da ɓoyo a ƙuryar ɗaki. 'Yan daudu sun daɗe a garuruwanmu suna suyar kaji da sayar da abinci a tasha, kakanninmu sun san da su, sun yi musu wa'azi, sun ci abincinsu, ba su tara matasa da gorori a kansu ba.

Yau kuwa ya isa wani ya ɗauki hoton mutum ya ɗora a Facebook ya rubuta kalma ɗaya, kafin magariba an gama da shi da danginsa, ƙannensa mata sun rasa manema. Masu yin haka suna ganin jihadi suke yi. To su koma Risalar da suka tsallake: wanda ya jefi mutum da luwaɗi bai kawo shaidu ba, haddin ƙazafi ne a kansa, bulala 80, kamar wanda ya jefi mace da zina. Suratun Nur ta gindaya shaidu 4, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Wanda ya shiga wayar wani ya tono, ya watsa, ya tara jama'a, ya karya waɗannan duka a yini ɗaya, sannan ya je sahun gaba. Wasu ma sana'a suka mayar da abin, su yi wa mutum tarko su ce ya kawo kuɗi ko su tona. Hukunci aikin alƙali ne, da shaida, a kotu. Taron majalisar shayi ba kotu ba ne.

Mafi muni, duk wannan hayaniya ba ta kare yaro ko ɗaya ba. Babban mutum ya yi wa yaro ƙarami fyaɗe, wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma galibi mai yin sa ba baƙo ba ne daga Turai. Maƙwabci ne, mai shagon da ake aiken yaro, babban ɗalibi a ɗakin kwana, wani lokaci ɗan uwa na jini. Yaron da aka koya masa cewa ambaton al'aura rashin kunya ne, da wane baki zai faɗa? Idan ya daure ya faɗa, sau da yawa shi ake fara mara. Sai manya su taru a zaure, a ce a rufa asiri, mai laifi yana da iyali, yaro ma kada sunansa ya ɓaci. A ba da haƙuri, a sha addu'a, a watse, mutumin ya koma bakin shagonsa. Su waɗannan masu rufa asirin, da yawansu su ne masu tura saƙon Samoa. Jihar Kaduna ta yi doka a 2020 mai hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramin yaro fyaɗe, amma doka ba ta kama wanda ba a kai ƙararsa ba.

Ba na cewa uba ya ajiye girmansa. Idan ba za ka iya ba, yi irin ta Sayyidina Ali, nemi kawun yaron ko malamin da ka amince da shi ka wakilta shi, ka kuma tabbatar an yi. Uwa ta fara da wuri, tun wajen wanka: nan wurin naka ne, ba mai taɓawa, ko wane ne, kuma in an taɓa ka faɗa mini ba zan doke ka ba. A raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10 kamar yadda hadisi ya umarta, a kuma faɗa musu dalili. Malaman Islamiyya, ku daina tari a babin tsarki.

Idan kuma abin da ake gudu ya faru, mace ce ko namiji, kada a tsaya taron zaure. A kai yaro asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 na farko yake aiki, bayan haka an makara. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. Wannan ne saƙon da nake roƙon ku tura wa mutum goma.